Anti Sarla da Sunan Babanku

Kun sha cewa ina kunyata ku a gaban mutane. Nana ma ta taɓa barina tsaye a kantin magani ta koma mota ta zauna, don kawai na ce a kira mini manaja. Da na fito na same ta ta cika ta yi fam, ta ce da ni da Turancinta na hanci wai me ya sa ba zan yi magana kamar sauran mutane ba, kullum sai ka ce na zo rabon gado. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni, na ga gara in rubuta muku ku san ba haka uwarku ta taso ba. Ni 'yar Funtuwa ce, daga gidan da ko ruwa aka miƙo maka sai ka rusuna. Na zo garin nan ina irin matar da in aka taka mata ƙafa ita ce za ta ba da haƙuri. Wadda ta sauya ni wata Ba'indiya ce mai kanti, kuma ta yi aikin nata a kaina ne a shekarar da Babanku ya kwanta.

Garin gero ne ya haɗa ni da ita. A lokacin babu shagunan mutanenmu a nan Greensboro ta Amurka kamar yanzu, in kana marmarin kunu sai dai ka haɗiye yawu. Wata 'yar Kumasi da muke haɗuwa a masallaci ce ta tsegunta mini cewa Indiyawa ma suna cin gero, akwai kantinsu a kan High Point Road, titin da yanzu ake ce wa Gate City Boulevard, tsakanin wani mai sayar da tsofaffin motoci da gidan wanki. Na je na tarar da tsamiya da citta da kanumfari da ɗanyar kuɓewa, har ƙwalla ta zo mini don ƙanshin gida. A wurin karɓar kuɗi kuma ga wata gajeriyar mata mai furfura, fuska a murtuke kamar an aiko mata da saƙon mutuwa. Na yi mata gaisuwa irin tamu, ya gida, ya aiki, ya sanyi. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Nawa za ki saya?" ta ce.

Na koma gida ina ce wa Babanku yau na ga mace mara fara'a da ba ta da ta biyu. Bayan 'yan watanni kuma sai ga ni a cikin kantin ina jera kaya, don tana neman mai taimako, ni kuma ina neman abin yi. Sunanta Sarla, ku kuka riƙa ce mata Anti Sarla.

Ko'ina ka shiga a ƙasar nan da murmushi ake tarbarka, a tambaye ka ya kake, a raka ka da fatan wuni lafiya. Ita kam babu ko ɗaya. Ba ta cuta, sikelinta daidai yake, ruɓaɓɓen abu ba ya kwana a kantinta, in kuɓewa ta tsufa da bakinta za ta ce kar ka saya, ka dawo ran Alhamis. Amma haƙori dai ba za ka gani ba. In ka tsaya kana latsa tumatir za ta ce ko ka ɗauka ko ka matsa. Wata rana wata Baturiya ta dawo da buhun shinkafa da ta riga ta farke ta ci kusan rabi, wai ba ta ji daɗinta ba, a mayar mata da kuɗinta. Da Sarla ta ƙi, matar ta ɗaga murya ta ce ai mai saye kullum shi ke da gaskiya.

"A wace ƙasa?" in ji Sarla, ta juya ga na bayanta a layi.

In kuwa ita ce mai sayen, abin ya fi haka. Direban da ke kawo mana kaya in ya hango ta sai ka ga jikinsa ya yi sanyi, don kowane kwali sai an buɗe a gabanta. In aka ce mata abu zai zo gobe, sai ta tambayi sunan wanda ya faɗa da na wanda ke gaba da shi, ta kuma sake yi wa wani dabam tambayar don ta ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ni kunya ke kama ni a madadinta, in shige bayan firji in yi kamar ina goge-goge. Wata rana da azahar muna zaune kan buhunan fulawa a ɗakin ajiya, tana cin gurasarta da miyar wake ni ina cin ɗumamen tuwo, na kasa daurewa na fassara mata karin maganarmu iyakar iyawata, cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sai da ta gama tauna abin da ke bakinta tukuna.

"Rabi, wanda ya yi wannan magana yana da tabarma," ta ce. "A unguwar da na tashi famfo ɗaya ne, da sassafe yake kawo ruwa, kafin rana ta ɗaga ya ɗauke. In kin tsaya gaisuwa, ba a girki a gidanku ranar. Kananzir sai a kantin gwamnati, ki yi ta layi, kina kaiwa kusa mai kantin ya ja ƙofa ya ce ya ƙare. Me zai sa ya yi miki murmushi? Kaya kaɗan, mutane ba iyaka, in kin yi fushi kin tafi akwai wasu a bayanki. Ni hidima a wurina ita ce ki zo neman gero ki samu gero."

Na ce ai mu ma mun san wannan, mun yi layin kananzir, mun yi na fetur, mun zauna ba wuta. Amma mu abin da aka koya mana shi ne haƙuri, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

"Babana ya dafa," ta ce. "Malamin makaranta ne mai ladabi, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Da ya ajiye aiki ya riƙa zuwa tagar wani ofishi neman fanshonsa. Ya haɗa hannuwa ya gaishe da akawu, akawu ya ce ya dawo gobe, ya yi godiya ya taho gida. Har ya mutu goben ba ta zo ba. Uwata ce ta kwashe mu duka ta je ta zauna a ƙofar ofishin, ta ƙi tashi, ta yi ta ihu har babbansu ya fito. A makon aka biya. Tun ranar na san taga ba ta jin ladabi."

Ban ce duk Indiyawa haka suke ba, ɗanta da aka haifa a nan murmushinsa har ya fi na Turawa. Amma tsararta da ke zuwa kantin na lura da yawansu ba sa jin haushin ɗaurewar fuskarta, ba sa kuma yarda da alkawari sai sun gani a ƙasa. Murmushin Amurka ma zarginsa take yi. Ta ce a can ƙasarsu in aka hana ka abu da ɗaurarriyar fuska ka san an hana ka, ka san faɗa ya kama, a nan kuwa ana hana ka ana murmushi, ka koma gida kana godiya.

Abu ɗaya muka yi tarayya a kai, shi ne ya sa na fara ƙaunarta. Mijinta, wani dogon dattijo mara magana da ke kula da ɗakin ajiya, ban taɓa jin ta kira sunansa ba. In tana nemansa sai ta ɗaga murya ta faɗi wata kalma da yarensu, na daɗe ina zaton sunansa ke nan, ashe cewa take yi, kana ji? Da na gaya mata ni ma tun da aka kai ni ɗakin Babanku sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, Malam nake ce masa, in ina ba da labarinsa kuma in ce maigidan, ranar na fara ganin haƙoranta. Ku yanzu abin dariya kuke ɗaukar wannan, na sha jin matar ɗan'uwanku Sadiku tana ƙwala masa kira gatsal daga kicin ko a jikinta. A wurinmu girman mutum ke nan a bakin matarsa. Ko a asibiti ko a makarantarku in aka tambaye ni sunansa, dabarata ita ce in jero haruffan ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna jin daɗi, suna zaton don kar su yi kuskuren rubutu nake yi.

Da kaka ta shigo a waccan shekara, tarin da Babanku ya daɗe yana fama da shi ya kayar da shi. Huhu ne. Wannan kun sani, kuna da wayo, Nana tana sakandare. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da likita ya faɗa mini a bakin ƙofar ɗaki, cewa sun yi iyakar yinsu, sai mu zaɓa, ko a kai shi gidan jinya inda ake ajiye waɗanda ba a sa ran za su tashi, ko a mayar da shi gida. Amma ba za su sallame shi gida ba sai an kai gado irin na asibiti da injin da ke ba shi iska an kafa, don numfashinsa ba ya riƙe shi shi kaɗai. Da na gaya masa ya kama hannuna, abin da bai saba yi ba.

"Rabi, kar ki bari in cika a hannun baƙi," ya ce. "Na ga wurin da aka kai abokina Malam Iro. Talabijin na ta yi a kansa, ba mai juya shi alƙibla, ba mai tuna masa kalma. Ki kai ni gida."

Na ce in sha Allahu. Asibiti suka haɗa ni da wani kamfani da ke kai irin waɗannan kaya gidaje, suka ce da zarar an daidaita da inshora abin ba ya ɗaukar lokaci. Na fara kira, da safe kafin in tafi asibiti, da rana a ɗakin ajiyar Sarla. Sai a sa mini kiɗa a kunne in yi ta jira, can wata murya mai zaƙi ta ɗauka ta ce tana matuƙar baƙin cikin jin halin da nake ciki. In gaishe ta, in jero haruffa, in ce don Allah a taimaka. Ta ce suna kan aiki a kai, in sa ido gobe ko jibi, ta yi mini fatan wuni lafiya. In yi godiya har da rusunawa, sai ka ce tana ganina. Mako ya shige, wani ya kama. Babanku yana ta ramewa, duk na shiga ɗakin idonsa ne ke tambayata. Asibiti suka fara cewa suna bukatar gadonsu, in kayan ba su iso ba zuwa Asabar da safe gidan jinya za a wuce da shi. Na san in ya shiga can ba zai fito ba. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ga shi ban san wa zan kama ba.

Ran Laraba ina ajiye waya na juyo na ga Sarla tsaye a bakin ƙofar ɗakin ajiya, ashe ta daɗe tana saurare.

"Godiyar me kika yi mata?" ta ce.

Na ce ai yarinyar tana da kirki, ta ce suna ƙoƙari.

"Ɗauko mayafinki."

Ta ƙwala wa mijinta kiran nan nata ta bar masa kantin, ita da ko ranar da ƙanƙara ta rufe gari ba ta yarda ta matsa daga wurin ba. Ta tuƙa mu zuwa ofishin kamfanin can bayan gari. A hanya ta yi mini huɗuba. Ta ce waya ba ta da fuska, wanda ba ya ganinki ba ya jin nauyinki. Ta ce kar in zauna inda suka nuna mini, in tsaya inda na tare musu hanya, kuma kar in sake in ce a taimaka, ba sadaka na zo nema ba. Muka tarar da wata yarinya a wurin karɓar baƙi, ta tarbe mu da murmushin nan. Sarla ta tambayi sunanta, ta maimaita shi da ƙarfi, sannan ta ce a kira wanda ke gaba da ita. Yarinyar ta ce yana taro. Sarla ta ce ba komai, ta ɗora jakarta a kan teburin, ta fito da kwanon abincinta ta buɗe, ƙanshin tafarnuwa da yaji ya cika ofis. Ta ce mun zo da abincin rana, in ta kama akwai na yamma ma. Ni kam so nake ƙasa ta tsage in shige. Ba a daɗe ba sai ga manaja ya fito yana murmushin dole, ya tsaya gaban kwamfuta ya tambayi sunan mara lafiya. Na fara jero haruffa. Sarla ta damƙi hannuna har sai da na ji zafi.

"Faɗi sunansa," ta ce a hankali.

"Ke kina faɗin na naki?"

"Na faɗa, ranar da bugun zuciya ya kayar da shi a kanti na kira motar asibiti. Ga shi can yana ɗaga buhu. Haruffa ba sa mutuwa, Rabi. Bari su ji mutum ne."

Na buɗe baki na faɗa. Muryata ta fito 'yar ƙarama kamar ba tawa ba, na ji kamar na yar da mayafi a tsakiyar kasuwa. Manajan ya danna-danna ya ce ya gani, an ɗan samu tsaiko ne tsakaninsu da inshora, amma shi da kansa ya yi alkawari ran Juma'a da safe mota za ta zo. Na rusuna zan yi godiya, Sarla ta taka mini ƙafa. Ta sa ya faɗi sunansa, ya kuma ba mu lambar da ke shiga teburinsa kai tsaye. A mota ta ce kar in saki jiki, alkawari ba gado ba ne, ba a kwanciya a kansa.

Ran Juma'a na hana Nana zuwa makaranta don ta jira motar a gida. Har aka sauko daga masallaci shiru. Ina ɗakin asibiti, ga Alhaji Garba limaminmu na lokacin da wasu dattawa biyu sun zo dubiya da manyan rigunansu suna yi wa Babanku addu'a, sai wayata ta yi ƙara. Muryar nan mai zaƙi ce. Tana baƙin cikin sanar da ni direbansu bai samu zuwa ba, sai Litinin. Kamata ya yi in fita waje, amma ban ma tuna akwai waje ba. Na katse ta na buga lambar manajan, yana ɗauka na kira shi da sunansa, sannan na faɗi na Babanku cikakke har da na mahaifinsa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na ce mutumin nan yana mutuwa, kai ka yi mini alkawari da bakinka. Na ce in motar ba ta zo yau ba, ni da 'ya'yana da duk matan masallacinmu za mu zo mu zauna a ofishinka, kuma ba mai tashinmu. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ya riƙe abinsa, na ƙoshi da shi. Na sake faɗin sunan, na ce ya maimaita in ji. Ya maimaita. Har wata nas ta leƙo ta ga ko lafiya.

Na ajiye wayar. Alhaji Garba ya sunkuyar da kai yana jan carbi, sauran biyun suna kallon takalmansu. Babanku ya juyar da fuskarsa bango. Dattawan suka yi sallama a gurguje, ko kallona ba su yi ba. Kafin magariba Nana ta kira ta ce ga mota a ƙofar gida ana sauke gado.

Labarin ya riga mu isa gida. Kafin mako ya zagayo matan garin nan sun gama yayata cewa Rabi ta fitsare, ta kama sunan mijinta gatsal a gaban liman yana kwance rai a hannun Allah, zama da Indiyawa ya ɓata ta. Wasu da suka faɗa sun zo zaman makoki sun ci shinkafata, na kuma san su. Wannan bai ci mini rai ba kamar shirun Babanku. An kawo shi gida, an kafa gadon a falo ta yadda fuskarsa ke kallon alƙibla, kuna dawowa daga makaranta ku zauna kusa da shi, Sadiku yana biya masa 'yan surorin da ya haddace. Ya samu abin da ya roƙa. Amma kwana da kwanaki da ka kawai yake amsa mini magana, na ɗauka fushi yake, na tozarta shi a gaban abokansa. Da Sarla ta kawo kwanon abinci ta tsaya a ƙofa ta ƙi shigowa, na gaya mata ina kuka.

"Yana gida ko ba ya gida?" ta ce.

Na ce yana gida. Ta ce to, ta juya ta koma kantinta. Na ji haushinta a ranar, na ce a raina matar nan dutse ne a ƙirjinta. Amma har yau ban iya cewa ta yi kuskure ba.

Wata safiya bayan kun tafi makaranta, ina goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, ya ɗaga hannu ya zame abin iskar daga bakinsa.

"Na ji ki ran nan," ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma.

Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, na ce ya yafe mini, ruɗewa ce.

"Ba shi nake nufi ba. Tun da aka kawo ki gidanmu ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Na yi ta juya abin a raina. Wancan na Bature ne, da faɗa kika ba shi." Ya numfasa. "Faɗa mini nawa. A hankali."

Ba kowa a gidan, daga ni sai shi sai injin. Matar da ta cika asibiti da ihu, sai ga ta harshe ya yi mata nauyi, kunya ta rufe ni kamar ranar da aka kai ni. Na daɗe kaina a ƙasa ina murza tsumman nan. Shi kuma ya ƙi mayar da abin iskarsa, yana jira, ina jin numfashinsa yana sarƙewa. Na matso kusa da kunnensa na kira shi da sunan da aka raɗa masa. Ya lumshe ido.

"Na'am," ya ce.

Ran Alhamis ɗin makon ya cika, a falonmu, da hantsi, ina tuna masa kalma yana bi da leɓɓansa. Bayan nan na faɗi sunan a tagogi da yawa, a asibiti, a banki, a wurin aikinsa, a wurin masu maƙabarta. Na faɗa da ƙarfi ba gargada, an kuma ba ni duk abin da na je nema. Sai dai ba a sake amsa mini da na'am ba.